Imrana Mai Zanen Jajayen Duwatsu

A garejin manyan motoci da ke bayan Kasuwar Relief a Onitsha, kowa ya san Imrana mai fenti. A nan garin aka haife shi. Mahaifinsa mahauci ne daga Kano, ya rasu tun Imrana yana ƙarami, mahaifiyarsa Hajiya Tabawa ce ta rene shi da sana'ar waina. Yana jin yaren Ibo kamar ɗan gari, kuma ko Lokoja bai taɓa wucewa ba.

Aikinsa zane a bayan gingimari. Sauran masu fenti suna zana zaki ko gaggafa, shi kuwa duwatsu yake zanawa, jajaye jawur, tsirara, babu ko ciyawa. Sai ka ga dutse hawa-hawa, ja a ƙasa, fari a tsakiya, wani ja mai duhu a sama, iska ta cinye gindinsa har ya koma kamar turmi. A gefe akwai wani mai huda a tsakiya kamar ƙofar gari. Direbobi suna son zanen, don daga nesa ake gane motarsu. In an tambaye shi inda ya samo, sai ya ce shi dai in ya rufe ido yana ganinsu, tun yana yaro.

Wata ranar Laraba da hantsi, wani dattijo Buzu mai suna Aslam, wanda ke kawo shanu daga wajen Agadas, ya tsaya a bayan motar da Imrana ke gamawa. Ya ƙura wa zanen ido.

"Yaushe ka je can?" in ji shi.

"Ina, Baba?"

"Wannan wurin. Yana can arewa da garinmu, in an bar hanyar Libiya an nutsa hagu. Na yi kiwon raƙuma a nan. Ga farin layin, ga ƙofar."

Imrana ya yi dariya ya ce a kansa ya ƙirƙira. Aslam bai yi dariya ba. Ya nuna gefen zanen, inda Imrana kullum yake shafa baƙin fenti sama da ƙasa.

"Wannan baƙin bakin kogo ne. Mai tafiya a ƙasa ba ya ganin duwatsun nan ta wannan fuskar, mai raƙumi ma haka. Sai wanda ke kwance a cikin kogon, kansa a ƙasa, yana kallon waje."

Imrana ya ajiye buroshi. Ya bi motocin da ke garejin ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ya taɓa yi wa zane. Dukkansu haka suke, a ɗan karkace, kamar ganin mutumin da ya kifa kumatu a kan yashi.

Da yamma ya ba mahaifiyarsa labari a tsakar gida. Hajiya Tabawa tana tankaɗen gari, sai ta tsaya cak. Ta ce tana da ƙane, Sharfuddeen, wanda ya tafi neman aiki Libiya lokacin tana da cikin Imrana. An samu labarin motarsu ta lalace a hamada, an tsinci gawar wasu, shi ba a gan shi ba. Ba ta taɓa faɗa wa ɗanta ba saboda ba ta iya ambaton sunan.

Wata maƙwabciyarsu 'yar Ibo da ke wanki a bakin famfo ta ji komai. Ta ce, "Mama, ai ƙanenki ne ya dawo."

"A'uzu billahi!" in ji Hajiya. "Wanda ya tafi ba ya dawowa." Amma ranar ba ta iya kallon fuskar Imrana ba.

Washegari a gareji, Aslam ya ce wa Imrana zai kai shi wurin in yana so. Imrana ya ƙi. Ya ce yana tsoron ya shiga kogon ya ji bai son fitowa. Ya roƙi dattijon dai ya leƙa in ya koma gida.

Watanni suka wuce. Wata safiya kafin azumi Imrana ya ɗauki jan fenti, ya rufe ido kamar yadda ya saba, bai ga komai ba sai duhu. Ya sake gwadawa washegari, haka nan. Bai gaya wa kowa ba sai matarsa Na'ima.

Da damina ta kama, Aslam ya dawo da shanu. Ya same shi a gareji, suka gaisa doguwar gaisuwa, sannan ya ba shi labari cewa ya je kogon. Akwai ƙasusuwan mutum ɗaya a cikin kogon, yashi ya rufe rabinsu, fuskar tana kallon waje. Babu abin da zai nuna ko wane ne. Aslam da 'ya'yansa suka yi masa salla suka binne shi a gindin dutsen.

"Na sani, Baba," in ji Imrana. "Tun kafin azumi ne, ko?"

Aslam ya dube shi, ya gyara rawaninsa, ya ce haka ne.

Hajiya Tabawa ta yi sadaka a masallacin unguwa, ta kuma fara ambaton ƙanenta a addu'a da sunansa. Imrana yana nan a gareji har yau. Rubutu yake yi yanzu, lambar mota da sunan mai ita. Wani lokaci tsohuwar gingimari takan shigo da duwatsun a bayanta, fenti ya koɗe, direba ya ce a sabunta masa. Sai Imrana ya ba shi haƙuri, ya tura shi wurin wani.