Sawun Motar Attahiru

Duk wanda ya san layin maƙeran gwangwani a bayan kasuwar Gusau ya san Attahiru Mai Darma. Gajere ne mai faɗin ƙirji, yatsunsa duk tabon ƙuna. Hannunsa akwai albarka, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu: ka miƙa masa gwangwanin madara, kafin ku gama gaisawa ya zama mazurari. Aibinsa ɗaya ne, amma fa babba ne. Attahiru ba ya iya jin ana yabon wani. Ko ladanin unguwa aka ce Allah ya ba shi murya, sai ya taɓe baki ya ce mura ce ta gyara masa ita.

A Bungudu aka haife shi, gidan masu ƙera fitilar a-ci-balbal. Tun yana ƙarami babu wanda ya kai shi iya motar kara, kuma duk motar da ya yi ta soja ce. Da ya girma, sau biyu yana zuwa neman shiga soja, sau biyu ana tsayar da shi jikin sandar awo a ce ya koma gida, tsayinsa bai kai ba. Ɗan maƙwabtansu kuwa, wani zangarnin yaro da ko keke bai iya ba, shi aka ɗauka. Har yau Attahiru bai yafe wa sandar nan ba. Ya tattara kayan aikin ubansa ya dawo Gusau, ya auri Juwairiyya, ya shekara ashirin da wani abu yana liƙe butoci da kwanon awo.

Wata shekara aka yi shelar za a yi bajekolin masu sana'ar hannu, kuma aikin da ya zo na ɗaya za a sa shi cikin gilashi a zauren taro, da sunan mai shi a rubuce. Sunan nan shi ya tsaya wa Attahiru a rai. Yana so, ko sau ɗaya a duniya, a tsayar da mutane a auna, a ce shi ne ya fi.

Wata goma sha ɗaya ya yi yana ƙera motar sulke. Tsawonta bai wuce kamu biyu ba, amma komai akwai. Jikin na gwangwanin kifi ne, tayoyi shida ya yanko daga tsohon silifas ya zana musu haƙora da reza, eriya daga ƙarfen laima. Ƙofofi suna buɗewa, kan bindiga yana juyawa. Ya shafe ta da fenti kore, ya bi da man ƙyalli har sau uku. Juwairiyya ta ce ita dai ba ta taɓa ganin ya goge wa ɗansa fuska yadda yake goge motar nan ba.

Malama Sadiya, sakatariyar kwamitin bajekolin, ta zo rumfarsa da takardar shiga gasa. Ta duba motar gaba da baya, ta jinjina kai.

"Malam Attahiru, aiki ya yi kyau. Amma in ka ɗora ta a kan tebur haka tsirara, za a ce abin wasan yara ce. Ka sama mata ƙasa ta tsaya a kai."

Ƙasa kuma? Attahiru bai taɓa kwaɓa laka ba a rayuwarsa. Sai ya waiga gefen rumfarsa, inda Baba Gambo yake zama.

Baba Gambo tsoho ne, maginin rumbu daga wani ƙauye a bayan Tsafe. Shekarun da daji ya lalace mutanen garinsu suka watse, shi ya faɗo Gusau. Birni ba mai son rumbu, don haka ya koma yin murhun laka da akurkin kaji, yana jera su a inuwar rumfar Attahiru. Mutum ne marar magana, sai a wuni ba a ji bakinsa ba in ba sallama ba.

"Baba Gambo," in ji Attahiru, "ɗan shafa mini laka a kan wanga katako, in ɗora motata. Kak ka wahal da kanka, fili kawai nike so."

"To," in ji tsohon.

Wannan "to" ɗin ita ta jawo wa Attahiru ciwon rai. Katakon tsohon ƙyaure ne. Baba Gambo ya hau mota har Tsafe ya ciko buhu da jar ƙasa, wai ta Gusau ba ta da launin da yake so. Ya jiƙa ta da ramno, ciyawar nan da ake cuɗawa a laka, ya rufe ta kwana huɗu tana ruɓa kamar zai gina rumbun gaske. Sannan ya fara shimfiɗawa. Nan tudu, nan kwari. Ya tankaɗe yashi da rariya ya yi rafin da ya ƙafe. Ya jera tsakuwa ta zama dutse. Ya samo busasshiyar saiwa ya kifa ta, ƙafafu sama, sai ga kuka tsaye. Ya murtsuke busasshen zogale ya liƙa mata ganye da ƙaro. Tsinken tsintsiya ya zama karan dawa a gona. Daga nan sai gidaje suka fara tsirowa, da danga, da masallaci, da rumbuna kamar ƙwan zabo, kowane da hularsa ta ciyawa.

"Baba, fili na ce," in ji Attahiru.

"Awo, fili ne. Hannuna ne bai san wani fili ba sai wanga."

A mako na uku mutane suka fara tsayawa. Da farko Attahiru ya ɗauka motar suke kallo, har ya matso da ita bakin rumfa ya ƙara goge ta. Ashe ba ita ba ce. 'Yan garin su Baba Gambo ne, masu tura baro da masu sayar da ruwa da matan da ke wankau a gidajen mutane, labari ya kai musu. Su durƙusa gaban ƙyauren suna nuni da yatsa. "Ga rijiyar bakin kuka!" "La ilaha, har da karyayyar dangar gidan liman!" Wani ya ce an manta da turken jakinsa, washegari sai ga turke.

Attahiru yana zaune da guduma a hannu, zuciyarsa na tafasa. Wata goma sha ɗaya! Ya yanke yatsa ya fi sau talatin, hayaƙin darma ya cinye masa ido, sannan wani tsoho ya zo da taɓo da tsintsiya ya kwashe jama'a? Haushi ya hana shi cin abinci. A gida ya ce wa Juwairiyya ai laka ko ƙanƙanin yaro yana wasa da ita. Ta ce, "To Malam, kai mi ya hana ka yi?" Kwana biyu bai yi mata magana ba.

Ranar da Baba Gambo ya shimfiɗa hanyar da ta ratsa garin, tun lakar na ɗanya, ya ce a kawo motar a gangara ta a kai, don sawun taya ya fito. Attahiru ya ce a'a. Tsohon ya ce mota mai nauyi ba ta tsayawa a ƙasa ba sawu, duk wanda ya gani zai san ɗora ta aka yi. Da ƙyar Attahiru ya yarda. Baba Gambo ya tura ta a hankali daga wannan bakin ƙyauren har wancan, haƙoran tayoyin suka zauna raɗau a cikin lakar. Ya ce a bar jar ƙasar a jikin tayoyin, a ɗan barbaɗa mata ƙura ma, don ta yi kama da motar da ta sha hanya. Nan fa Attahiru ya yi tsalle ya dire. Ƙura a jikin motarsa? Ya fizge ta, ya wanke tayoyi shida da buroshin haƙori, ya ƙara mata man ƙyalli.

Da ya zo cika takardar gasar, akwai layi biyu na sunan masu aiki. Ya rubuta nasa da manyan baƙaƙe, har ya ci rabin layi na biyu. Baba Gambo yana zaune kamu uku daga wurin, yana lailaya bakin murhu. Attahiru ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce a ransa ai ba a rubuta sunan tabarmar da aka shimfiɗa wa baƙo.

Ranar bajekoli, da hantsi, mutum huɗu suka ɗauki ƙyauren zuwa zauren. Attahiru ya sha sabuwar shadda, ya ɗora motarsa a tsakiyar garin, daidai bakin kuka, tana walƙiya. Baba Gambo ya samu gefe ya zauna a ƙasa. Akwai masaƙa, akwai dukawa, akwai masu sassaƙa, amma teburin Attahiru ne ya cika har ana ture-ture. Sai dai kowa leƙe yake yi ta gefen motar, ta bayanta, ta ƙarƙashinta. Ya buɗe ƙofofin, ba wanda ya kula. Ya juya kan bindigar har sau biyu, wani ya ce ya ɗan janye hannunsa yana kare masallaci.

Alƙalan gasar uku suka iso, Malama Sadiya na biye da su da takardu. Daidai lokacin wata tsohuwa, 'yar garin su Baba Gambo, ta kutso gaba da sandarta. Ta daɗe tana duba, sannan ta ɗago ta kalli Attahiru.

"Ɗana, don Allah ɗan gusa da wagga mota. Ta tsaya a ƙofar gidana."

Kai! Abin da ya taru a cikin Attahiru na mako biyar ya taso masa gaba ɗaya. A gaban alƙalai! Ya ce, "A gusa ta, Inna? To bari in ɗauke ta duka, ku ga abin da zai rage. Taɓo ne! Taɓo da tsintsiya!" Ya sa hannu biyu ya ɗauke motarsa ya rungume ta a ƙirji, yana jiran a ce ya yi haƙuri ya mayar.

Kowa ya sunkuya kan ƙyauren. Garin ya fito fili gaba ɗayansa, da ƙofar gidan tsohuwar, da ɗan turmi a gefenta. Ga sawun tayoyi ya shigo ta gabas, ya wuce kuka, ya wuce rijiya, ya fita ta yamma. Tsohuwar ta bi sawun da ido har ƙarshen katako.

"Sun tafi," ta ce. "Sojoji sun gama aikinsu sun tafi. Ke nan an samu lafiya, za mu koma gida."

Ta sa bakin mayafi ta rufe fuska. Wani mai tura baro ya ce Allah ya nuna mana, zauren ya amsa da amin, har da alƙalan. Babbansu ya share ido, ya juyo wurin Attahiru ya kama hannunsa, ya ce bai taɓa ganin hikima irin wannan ba, a ɗora mota sannan a ɗauke ta a gaban jama'a. Ya ce kada a mayar da ita, a bar aikin haka. Su ukun ba su ko yi shawara ba suka ba shi na ɗaya.

Haka aka sa garin laka a cikin gilashi, aka rubuta a ƙasa: Attahiru Mai Darma, Bungudu. Abin da ya nema ya samu, harafi bai ɓace ba. Ya koma gida da motarsa a hammata, ko Juwairiyya ba ta yi masa tsiya ba ranar, don ta ga fuskarsa.

A faɗi gaskiya, ya yi ƙoƙarin gyarawa. Bayan kwana uku ya ce wa Baba Gambo su je wurin Malama Sadiya a canza sunan. Tsohon bai ko ɗago daga murhun da yake shafawa ba.

"Bar shi, Attahiru. Mutanenmu sun san hannuna, ba su iya karatun boko ba balle su duba allo. Kuma ai akwai aikinka a ciki. Sawun na motarka ne."

Wallahi da zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi. Attahiru ya koma kan bencinsa yana jin wani sabon haushi: tsohon ya fi shi hannu, yanzu kuma ya fi shi zuciya, kuma ko a jikinsa.

Shekara biyu ke nan. Motar sulke tana saman kabad ɗin Juwairiyya, an rufe ta da ɗankwali. Sunan kuwa ya yi tafiya. Kusan kowane mako sai wani ya zo layin maƙera yana tambayar Attahiru Mai Darma, daga bayan 'Yandoto, daga ƙauyukan Furfuri, wani da ƙullin ƙasar garinsu a leda. Su gaishe shi da girmamawa, su ce sun ga aikinsa a gilashi, don Allah ya gina musu nasu garin kafin su manta yadda yake.

Attahiru sai ya ajiye guduma. Ya kalli mutumin, ya kalli ƙullin ƙasar. Sannan ya nuna gefen rumfa da baki, inda tsohon yake zaune cikin murhuna.

"Ba ni ba ne," yakan ce. "Ga shi can."