Kunun da Goggo ta kasa haɗiyewa

Yau da safe maƙwabciyata ta dama kunun gyaɗa, ƙamshin tsamiyarsa ya tuna mini da Goggo, yayar babanmu.

A gidanmu na Nukkai, Goggo ba ta cin abinci sai kowa ya ƙoshi, shi ya sa muka daɗe ba mu lura ta daina ci ba. Daminar shekarar da aka ba mu jiha, na tarar da ita bayan rumbu da ƙoƙon kunu. Ta kurɓa, wuyanta ya yi ta motsi, idanunta suka kawo ruwa, kunun ya dawo. Ta damƙe hannuna, tafinta sanyi ƙalau.

"Kada ki faɗa wa babanki. Ƙayar kifi ce kawai."

Na faɗa. Kwana uku ba ta kula ni ba.

Bayan gwaji a Jos, likita ya ce ciwon daji ne a maƙoshinta, irin wanda ba a cika gani ba, wai daga ƙwayoyin da ke ba fata launi ya tsiro. Baba ya ce, "Da mun zo da wuri fa?"

Ba ta ga kakar wannan shekarar ba. Allah Ya haskaka kabarinki, Goggo, Ya sa kin huce da ni kafin ki tafi.