Takin Yaya Sule a Gindin Waya

Damina bakwai ke nan da muka kai Yaya Sule makwancinsa, kuma wallahi har yau in na bi ta gefen wayar nan da aka zagaye gonarmu da ita sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi abin.

Sule wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, manomi a ƙauyenmu da ke tsakanin Bici da Bagwai. Ni kuwa malamin makaranta ne, shi ya sa duk takardar da ta shigo gida ni ake miƙa wa. Gonar da muka gada a bakin fadama tana cikin filayen da gwamnati ta bai wa wani kamfanin ƙasar waje don noman tumatir, aka zagaye ta da waya. Mutanen gari suka yi ta kai kuka, har aka soke wa kamfanin izini. A ranar, Yaya har zakara ya yanka don murna.

Ashe mun yi gaggawar murna. Kamfanin ya zaro wata yarjejeniya da ƙasarmu ta sa wa hannu da ƙasarsu, wadda ta ce in gwamnati ta taɓa jarin baƙo, yana iya tsallake duk kotunanmu ya kai ƙara gaban wasu masu sasanci a can ƙetare, ya nemi diyya. Gwamnati ta ja da baya, ta ce kada kowa ya taɓa filin sai an gama shari'a.

Na yi wa Yaya bayani ya fi sau goma. Ina! Shi a saninsa rigimar gona a gona ake kashe ta. Alƙali ya zo ya taka iyaka, dattawa su nuna layin gamba, a rantse, a watse. Sai ya bi tsofaffi uku da suka san iyakar Babanmu, ya ce su zauna cikin shiri.

"Yaya, mutanen nan fa ba za su zo ba," na ce masa. "Shari'ar tsakanin kamfani da gwamnati ce. Ko sunanka babu a ciki."

"Kai dai boko ya rikita ka, Malam," in ji shi. "Ta yaya za a yi shari'ar gona ba mai gona?"



Abin da ya fi ci mini rai shi ne takin. Duk rani sai ya yi ta jigilar takin gida a mangala, yana jibgewa a gindin waya, wai kada ranar buɗewa ta same shi ba shiri. 'Yar gonar aron da yake nomawa a tudu kuwa tana can ta rame. Mun yi faɗa a kan wannan har muka yi sati ba ma cin tuwo tare. Rani huɗu yana haka, ajali ya riske shi.

To Yaya, da za ka leƙo yau, wayar tana nan. Shaidunka biyu sun bi ka, na ukun idonsa ya tafi. Lauyoyi suna ta hawa jirgi suna sauka, ba wanda ya taɓa zuwa ya ga gambar nan. Ni ban ce kada a kare baƙon da ya zuba dukiyarsa ba, haƙƙinsa ne. Amma haba! A tanadar masa kotu tasa ta kansa, mai gona kuwa ko bencin zama ba a ajiye masa ba?

Na daɗe ina ɗaukar takin nan a matsayin taurin kai. Da ranin nan na wuce a babur, sai ga Habibu, babban ɗansa, magidanci mai 'ya'ya huɗu da ke ƙwadago a gonakin mutane, yana sauke taki daga amalanke a daidai inda ubansa yake jibgewa. Na tsaya da niyyar in balbale shi da faɗa.

"Baffa, in muka daina kawowa, ai mun yarda ba tamu ba ce," ya ce.

Na kashe babur, na naɗe hannun riga, na ce ya miƙo mini shebur. Allah ya jiƙanka, Yaya.