Ba-Fashi da Autanta

A makarantar da ke bayan tashar mota, wadda firamare da ƙaramar sakandare suke cikin katanga ɗaya, babu wanda bai san Ba-Fashi ba. Ita ba malama ba ce, ba kuma ma'aikaciya ba. Tela ce. Shagonta yana layin bayan makarantar, ɗan ɗaki mai keke ɗaya da teburin yanka da dutsen guga. Sunan kuwa ciyaman ɗin kwamitin iyaye ne ya laƙaba mata, wata rana da aka kira taro aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya shigo ya tarar da ita kaɗai a kan benci tana matse bakin zaninta, ya ce, "Ke dai, Yaya, ba fashi." Shi ke nan suna ya bi ta.

Mutane suna cewa son makaranta ne ya yi mata yawa. Ba shi ba ne. Manyan 'ya'yanta duk ta makarantar nan suka bi suka fita, ba ta taɓa sanin launin ƙofar ofishin shugaba ba. Autanta ne ya mayar da ita haka.

Ta haife shi bayan ta cire rai da haihuwa. Ya yi jinkirin zama, ya yi jinkirin tafiya, magana kuwa sai da ƙannen sa'o'insa suka fara kawo tsegumi gida sannan ya haɗa kalma biyu. Likita ya yi mata dogon bayani, abin da ta riƙe a ciki ɗaya ne: ba ciwo ba ne da ake shan magani a warke. Jiki dai Allah ya ba shi. Ya yi ta maimaita aji biyar na firamare har yara suka sa masa Babban Yaya, sa'o'insa kuwa tuni suna ɓangaren sakandare. A bencin baya yake zama, a karkace, don gwiwoyinsa ba sa shiga ƙarƙashin tebur. Bai iya karanta komai ba sai sunansa. Amma ya san sunan kowa tun daga maigadi har ɗan ajin farko, shi ke goge allo, shi ke kwashe alli, kuma kullum yana riga uwarsa tashi ya sa kayan makaranta ya zauna bakin gado yana jira. Ranar da babu makaranta sai an ɓoye jakarsa a bayan buhun ƙyallaye, in ba haka ba sai a tsince shi a bakin ƙofar makarantar.

Ba-Fashi ta san babu dokar da ta ɗaure makarantar ta ci gaba da riƙe shi. Duk ƙarshen shekara gabanta faɗuwa yake. Don haka ta yi abin da ta iya. Ranar sharar iyaye ita ce da tsintsiyar farko. Labulen ɗakin taro ita ta ɗinka. Kayan wasan kwaikwayon yara, tutocin gidaje na ranar wasanni, rigar teburin shugaba, duk daga kekenta suka fito. In za a kai yara ganin namun daji, ita ke zama a kujerar baya da leda tana tarar masu amai. In an kira taro, kafin kowa ya zo ta jera kujeru. Lissafinta, wanda ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, shi ne mutum yana jin kunyar idon da yake gani kullum.

Mijinta direban babbar mota ne, zuwansa gida kamar na baƙo. Wata rana ya dawo ya tarar da tsakar ɗaki cike da tutoci, babu wurin miƙe ƙafa.

Ya ce, "Wai ni kam ɗaukar ki aiki suka yi ban sani ba?"

"Ɗaga ƙafarka, ka take min jar tuta."

"Ki bar yaron nan a shago mana, ya koyi ko ɗinka maɓalli ne."

Ta ce, "A shago wa zai gaishe shi? Ni ko keke? Can yana da mutane."

Ya ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo," ya tsallake tutocin ya je ya kwanta.

A kwamiti tana da ƙawa ɗaya ta gaske, Maman 'Yan Biyu, mai shagon gyaran gashi, wadda 'yan matanta suke aji uku na firamare. Tare suke shara, tare suke gulmar ciyaman da tumbinsa. Ita ce ma take ce wa Auta "surukina", tana cewa ta ba shi duk wadda ya zaɓa cikin biyun in ya kawo mota. Shi kuwa ya yi ta dariya yana ɓoye fuska a kafaɗar uwarsa.

Kowace shekara makarantar tana yin ranar wasannin iyali. Iyaye su zo, a kafa rumfa, a yi gudun buhu da ja-in-ja, har iyaye maza su yi tsere a yi musu dariya. Kowane yaro yana da abin yi, ban da Auta. Ba ya iya gudu a layi, ba ya gane ƙa'ida. Tsayuwa yake gefen durom ɗin ruwa yana tafa wa kowa. A wannan shekarar Ba-Fashi ta tare malamin wasanni.

Ta ce, "Malam, ko tuta ce ka ba shi ya riƙe. Ya ji shi ma da shi ake yi."

Malamin ya sosa ƙeya, ya tuna rigunan ƙwallon da ta gyara masa, ya ce, "To, ya riƙe ƙyallen da masu tsere ke tsallakewa a ƙarshe. Ke ma za ki ɗinka mana shi."

Ta ɗinka. Ta samo ragowar yadin wando mai kauri, ta ninka shi, ta bi shi da ɗinki sau biyu, don ita ba ta iya aikin da zai yage ba. Sannan ta shiga koya wa Auta a gida. Yaro ne da komai ke suɓuce masa, kofi, faranti, cokali, kuma abin da take tsoro shi ne ya yar da ƙyallen a gaban jama'a a yi masa dariya. Sai ta ba shi gefe ɗaya ta ja ɗayan, tana cewa, "Riƙe gam. Komai aka yi kada ka saki." In ya riƙe ta yaba masa. Duk shekarun nan ba ta taɓa kallon ƙarshen tsere ba, kullum tana rumfa tana raba ruwa. Ba ta san ƙyallen don a sake shi aka yi shi ba.

Ranar ta zo. Yaron da zai riƙe ɗaya gefen ya gudu kallon ƙwallo, malamin wasanni yana can wajen tashi da usur a baki. Ba-Fashi ta ɗaure gefen a jikin ƙarfen raga, ta ƙulle shi tamau, ta koma rumfa. Aka kira 'yan matan aji uku. Auta ya ja ƙyallen ya miƙe kamar waya. Inda ya kai ƙugunsa, nan ne wuyan 'yar aji uku.

Ƙaramar cikin 'yan biyun ce ta zo ta ɗaya, tana gudu tana dariya. Ƙyallen ya tare ta, ƙafafunta suka yi gaba, ta faɗi da baya, na bayanta suka zube a kanta. Ihun da ta yi ya kashe lasifika. Ba-Fashi ta yar da kofin hannunta ta ruga. Ta tarar an ɗaga yarinyar, kafaɗa ɗaya ta sauka ƙasa. Auta yana nan inda aka tsayar da shi, hannu biyu a kan ƙyalle, yana neman fuskarta cikin mutane.

Ya ce, "Inna, ban saki ba."

Ƙashin kafaɗa ne ya karye. Ba-Fashi ta je asibiti, ta zauna a baranda har aka gama ɗaure yarinyar. Maman 'Yan Biyu ta fito, ta amsa gaisuwarta ba ta dube ta ba.

Daga nan bakuna suka buɗe. Wani ya tuna ranar da Auta ya rungume ɗansa har yaron ya kasa numfashi. Wata ta ce 'yarta tana tsoron shiga bayi in yana tsaye a hanya. Abubuwan da aka yi ta haɗiyewa saboda labule da tutoci duk suka dawo. Aka kira taron kwamiti.

Ba-Fashi ta riga kowa zuwa, ta jera kujeru, don hannunta bai san wani abu ba. Da aka hallara, ciyaman, wanda mai kantin magani ne kuma ba mugun mutum ba, ya gyara murya ya ce, "Yaya, maganar ta shafe ki. In kina da abin faɗa ki faɗa, sannan ki ɗan ba mu wuri."

Ta miƙe ta ce, "Ni na ɗinka ƙyallen. Ni na ɗaure shi a ƙarfe. Ni na ce masa kada ya saki. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni za ku hukunta."

Ciyaman ya ce, "To ke ai ba a ajinmu kike ba, Yaya. Daga ina za mu cire ki?"

Wani uba daga baya ya ce, "Ranka ya daɗe, mu daina kewaye-kewaye. Yaron nan gashin baki ya fara fito masa, yana zaune da 'ya'yanmu ƙanana. Yau kafaɗa ce. Gobe fa?"

Ta ce, "Ko kiyashi bai taɓa kashewa da gangan ba."

"Ai shi ne abin tsoron, Baba. Ba da gangan yake yi ba."

Ta juya wajen ƙawarta. Maman 'Yan Biyu tana kallon farcenta. Can ta ce, "Ni ban ce mugu ne ba. Har gobe ina son sa. Amma tawa ta ce ba za ta koma ba in yana nan. Ki gaya min, ƙawata, ke wa za ki zaɓa?"

Ba-Fashi ta san da ita ce da haka za ta faɗa. Babu wanda ya yi ƙarya a ɗakin nan. Ta fita ta tsaya a baranda, tana jin ƙarar kujeru da tari ta bayan ƙofa. Ba a daɗe ba. Shugabar makaranta ce ta fito da kanta, ta kama hannunta.

Ta ce, "Inna, ki yi haƙuri. Akwai makarantar irinsu a can ƙarshen gari, zan yi musu magana."

Ba-Fashi ta san makarantar. Ta je tun Auta yana ƙarami aka ce babu gurbi, ta koma daga baya aka ce ya wuce shekarun ɗauka. Ta ce, "Ranki ya daɗe, ko a tsakar gida ne ku bar shi. Ya yi shara, ya buga ƙararrawa. Ba sai ya shiga aji ba."

"Ba ni kaɗai ba ce, Inna. Iyaye sun ɗaga hannu." Ta ƙara da cewa, "Ke kuwa ƙofa a buɗe take gare ki kullum."

Ba-Fashi ta zare hannunta ta tafi.

Ta yi ta neman yadda za ta gaya masa. Ta ce masa an yi hutu, ya ce ƙarya ne, ya ga ɗan maƙwabta yana wanke safa. Ta ce masa ya gama makaranta, ya zama babba, ya ce ba a ba shi takarda ba. Ta kira mijinta a waya, ya ce yana kan hanya, ta yi haƙuri, in ya dawo za a san abin yi.

Ran Litinin da ta farka ya riga ya shirya, har ya tono jakarsa. Ta tare ƙofa, ya ɗauke ta gefe a hankali kamar an ɗauke kujera, ya fita. Ta ja mayafi ta bi shi, tana kiran sunansa, gwiwoyinta suna ƙara. Ba ta cim masa ba sai a ƙofar makaranta.

Maigadi ya riga ya jawo ƙyaure ya bar 'yar hanya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, an ce kada in bar shi. Wallahi ba a son raina ba."

Ta ce, "Na sani. Yi aikinka."

Auta ya ɗauka wasa ne. Ya tsaya gefe yana gaida yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, wasu su amsa, wasu iyayensu su ja su su wuce da sauri. Aka buga ƙararrawa. Maigadi ya rufe ƙyauren ya sa sakata. A nan ne fuskar Auta ta canza. Ya kama ƙarafan ƙofar da hannu biyu ya ce, "Inna, na makara. Ce masa ya buɗe. Malam zai yi faɗa."

Ta ja rigarsa, bai motsa ba. Ta kama damtsensa ta ja da duk ƙarfinta, kamar tana jan katanga. Daga ciki aka fara waƙar taron safe, ya bi su da ƙarfi, ba a kan murya ba, goshinsa a jikin ƙarfe.

Ta sake shi. Ta nemi bakin kwalbati ta share da tafin hannu, ta zauna tana jira ya gaji.