Tambayar da Muka Kai Duwatsu

Ni ne ɗan farin Inna, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In abinci ya sauka sai ta ce wa ƙannena, "Ku kira wancan." Da na fara koyarwa a Kabo na sayi tsohon babur, sai na samu ƙarin girma, na koma "mai babur". Abin bai taɓa damuna ba, haka na tashi na ga iyaye mata suna yi a Unguwar Tudu.

Shekarun da aka fara Shari'a, wa'azi ya cika rediyo da ƙofar gidaje. A lokacin an sa ranar aurena da wata yarinya 'yar Masanawa, wadda na shekara biyu ina zuwa zance wurinta, kuma ina son ta ba kaɗan ba. Wata rana Inna tana tankaɗe ta ji malami a rediyo yana bayanin shayarwa, cewa yaran da suka sha nonon mace ɗaya 'yan'uwa ne, ko shekara nawa ce tsakaninsu, babu aure. Aka ce ta ajiye rariya ta shige ɗaki. Washegari Gwaggo, ƙanwar marigayi mahaifina, ta same ni da maganar.

Kowa ya san wata Bafulatana mai tallar nono ce ta shayar da yarinyar lokacin da uwarta ta yi jinya. Abin da ba a sani ba shi ne, ina jariri an yi biki a gidanmu, na yi ta tsala kuka, ga surukai cike da tsakar gida. Inna ta kasa ɗaukar ɗan fari ta ba shi nono a gabansu. Sai ta miƙa ni ga wannan matar, wadda ita ma tana goyo, ta koma kan tukwane. Da ta dawo ta tarar ina barci. Ba ta tambayi abin da ya sa ni barcin ba, har na yi gemu.

Malamin unguwarmu ya ce a nemo matar a ji daga bakinta. Damina ta kankama, mutanen matar sun janye shanu daga gonaki zuwa duwatsun da ke yamma da Gwarzo, wajen iyakar Katsina, inda mota ba ta shiga. Kuma ba za ta yi wannan magana da namiji ba. Dole Inna ta je, dole kuma ni in kai ta.

Ana wahalar mai a shekarar, gidajen mai duk a rufe, da ƙyar na samu galan biyu wurin 'yan bumburutu. Na ɗaure su a gefe, na ɗora tabarmi, leda babba saboda ruwa, buta, ƙaramar tukunya, garin rogo da ƙuli-ƙuli. Inna ta zagaya babur ɗin tana harararsa, sannan ta hau ta kama ƙarfen baya da hannu biyu.

Ba mu yi nisa da Gwarzo ba wasu samari suka tsayar da mu, don a lokacin ana sa ido kan namiji da mace a babur ɗaya. Cikin ladabi suka tambayi Inna mene ne tsakaninmu. Ta kawar da kai ta ce, "Ɗan mutane ne." Na ce, "Mahaifiyata ce." Suka sake dubanta, ta ci gaba da kallon gefe abinta. Wani tsoho mai sayar da goro ya leƙa fuskokinmu, ya tuntsire da dariya ya ce, "Ku bar su, ɗan fari ne. Ba ku ga hancin ba?"

Daga nan muka bar kwalta. Hanya ta zama ta amalanke, sannan ta shanu, sannan ta ɓace gaba ɗaya. Tsakuwa tana zame wa taya, taɓo yana kama ta. Inna ba ta yi mini magana, amma babur ya sha faɗa. "Wannan abu ba shi da tausayi." "A gaya masa akwai rami a gaba." Ni kuwa sai in rage gudu a madadinsa. Inda muka tarar da rafi takan sauka ta tattare zane ta tsallaka, ni in tura, ruwa har gwiwa.

Mun wuce ƙauyuka biyu da za su ba mu masauki da murna, ta ƙi. In ka kwana gidan mutane sai ka faɗi abin da ya fito da kai, ita kuma ba ta son sunan yarinyar ya shiga bakin duniya. Saboda haka kafin magariba muka sauka kan wani faffaɗan dutse, gindin tsamiya. Na kafa leda jikin babur na yi mata rumfa, na shimfiɗa tawa tabarmar can gefe. Ta haɗa duwatsu uku ta dafa ruwan zafi, ta kwaɗa gari, ta turo kwanon wajena tana kallon wani wuri. Kusan duk ƙuli-ƙulin yana ɓangarena. Da asuba na farka na ga mayafinta a jikina, ita kuma tana zaune tana lazimi cikin sanyi. Na naɗe shi na ajiye kan babur.

Rana ta biyu ƙaya ta fasa mana taya. Ina faci ina roƙon Allah a zuci kada mu sami matar, sai kuma in yi istigfari, sai in sake roƙon. Ruga uku muka shiga, kowacce a ba mu nono a nuna mana wani dutsen da baki. Da yamma muka hau wani tudu, ƙasa duk ta buɗe a gabanmu, kore shar, shanu farare suna gangarowa. Inna ta daɗe a tsaye. Ta ce, ba da ni ba, "Ashe haka duniya take da faɗi." Shekarunta sun haura hamsin, iyakar tafiyarta biki da gaisuwar mutuwa. Tausayinta ya kama ni har na manta da tawa damuwar na ɗan lokaci.

Da hantsin rana ta uku muka same ta, bayan wani dutse mai kama da tukunya a kife. Ta tsufa ta rankwafa, amma tana ganin Inna ta gane ta. Suka yi ta gaisuwa, ina gida, ina shanu, ina wane, Allah ya ji ƙan wane. Na tsuguna nesa kaɗan ina goge filogin babur da ba abin da ya same shi. Sai muryar Inna ta yi ƙasa. Tsohuwar ta juyo ta ƙare mini kallo, fuskarta ta washe.

"Wannan ne mai kukan? Ai na ba shi. Ya sha har ya ƙoshi, ya yi barci a cinyata." Ta miƙo hannu. "Zo nan, ɗana."

Ba ta san abin da ta yanke ba, murna kawai take yi. Na je na durƙusa, ta shafa kaina, ta sa aka dama mini fura. Na shanye, don ba a mayar wa uwa ƙwarya.

A hanyar dawowa, da muka iso rafin farko, Inna ta sauka amma ba ta tsallaka ba. Ta zauna kan dutse ta dube ni ido da ido.

"Ni na jawo maka," in ji ta. "Kunyar mutane na ji, mutanen kuma duk sun mutu. Ka yafe mini."

Na ce ba ta yi mini komai ba. Ta ce a'a, in faɗa. Na ce na yafe, sai kuka ya ƙwace mini, ƙato da ni. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce kada in taka Masanawa, ita za ta je ta faɗa da bakinta. Ta kuwa je, a ƙafa.

Yarinyar ta yi aure bayan shekara guda, a Kabo. Ni aka aika na sayo tabarmin ɗaurin auren, tunda ni yayanta ne. 'Ya'yanta biyar yanzu, duk ta hannuna suka bi a makaranta. Kawu suke ce mini, ina amsawa, amma har yau ban saba ba.