Shekara Uku Muna Karɓar Dubiya

A Mpape muka tashi, a gefen tudun da ke kallon wurin fasa dutse. Duk wanda ya zauna can ya san yadda abin yake: kafin a tayar da nakiya ana busa jiniya, mata su janye yara cikin ɗaki, ƙasa ta girgiza, sannan kowa ya koma harkarsa. Ranar da abin ya sami yayata, mutanen layinmu sun ce ba a busa ba. Ni ina jami'a a lokacin, a shekarar ƙarshe, don haka ba zan ce na ji ko ban ji ba.

Yaya tela ce. Shagonta na langa-langa yana bakin hanyar ƙafar da ke gangarawa kasuwa, kuma da kekenta aka yi rabin karatuna. Wani dutse da nakiyar ta cillo ya huda rufin, ya sauka a hannunta na dama tana tsakiyar ɗinki. Ƙashi ya karye, jijiya ta tsinke, yatsu uku suka daina jin komai.

Kafin in iso asibiti, mutumin kamfanin fasa dutsen ya riga ni. Shi ne jami'in da suke turawa idan an sami matsala da mutanen unguwa, kowa Oga yake ce masa. Dogo ne, mai sanyin murya, Hausarsa ta zaman Abuja ce. Ya biya kuɗin ɗori da na gado, ya durƙusa a gaban Inna.

"Mama, ka yi haƙuri. 'Yar ki ƙanwata ne. Kamfani za ta yi komai."

Likita ya ce ƙashi zai haɗe, amma jijiyar sai an yi babban aiki a wani asibitin, kuma gara a yi da wuri. Oga ya ce ya kai maganar sama, ana jiran manyan su sa hannu.

Daga nan ya fara zuwa gidanmu. Da farko duk mako, daga baya duk wata. Yakan zo da lemo da ayaba, da azumi ya kawo shinkafa da sukari. Inna ta ware masa farar kujerar roba, wadda ko ni ba na zama a kai. Yakan tambayi jiki, Yaya ta ce da sauƙi, ya ce maganar tana kan tebur, an canja manaja ne, ko kuma kamfanin inshora ne bai amsa ba. Kullum akwai dalili, kuma dalilan ba su yi kama da ƙarya ba. Har yau ban tabbata ƙarya ba ne.

Da na gama bautar ƙasa na dawo gida, sau ɗaya na tayar da maganar lauya. Ban ma ce a kai ƙara ba, cewa na yi ko za mu nemi shawara, don a san inda aka tsaya.

Inna ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. "Auta, mutumin da ya tako ƙafarsa ya zo maka dubiya, shi za ka kai gaban alƙali? Da wane ido zan dube shi in ya shigo?"

"Ba shi ba ne, Inna, kamfanin ne."

"Ni ban san kamfani ba, shi na sani. Ya ci tuwona."

Yaya tana kwance a tabarma, ta yi dariya. "Malam digiri, ka bari ka sami aiki tukuna, kafin ka fara kai mutane kotu. Da wane takalmin za ka je?"

Muka yi dariya dukkanmu, maganar ta mutu. Ni ma a raina ina tsoron kada jin sunan lauya ya sa su janye, a rasa aikin hannun gaba ɗaya. Na ga kamar jira ya fi aminci. Abin da na ɗauka shi ne, kotu tana nan, duk ranar da haƙuri ya ƙare sai mu je.

A shekara ta biyu Baba ya rasu. Oga Kirista ne, amma ya tsaya a gefe cikin rana har aka idar da sallar gawa, ya bi mu maƙabarta, ya zauna a tabarmar zaman makoki tare da dattawan layi. Bayan wannan, ko ni sai na ji kunyar sake ambaton lauya. Dattawan ma sun ce tunda ana magana ta fahimta, a bar ta a hannun manya.

Hannun kuwa yana ta ƙanƙancewa. Yatsun suka lanƙwashe ciki, suka ƙi miƙewa. Yaya ta gwada yanka yadi da hagu, ta ɓata atamfar wata amarya, daga ranar ta rufe keken da tsohon zani. Ta koma sayar da ƙuli-ƙuli da gyaɗa a ƙofar gida, Inna na ƙulla mata leda.

Ba zan iya cewa ga ranar da Oga ya daina zuwa ba. Wata ya wuce, wani ya bi shi, Inna ta ce ko ba shi da lafiya. Na kira wayarsa ba ta shiga. Da na je ƙofar kamfanin, maigadi ya ce an mayar da shi wani wurin aiki wajen Sheda. Wanda ya gaje shi ya fito ya saurare ni a tsaye, ya ce bai san da maganar ba, in muna da ƙorafi mu bi ta hannun lauyansu.

Sai a lokacin na nemi wani abokina lauya da muka yi bautar ƙasa tare. Na zauna a ofishinsa na fara ba shi labari tun daga jiniya. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Yaushe dutsen ya faɗo?"

Na gaya masa. Ya cire tabarau.

"Mutumina, ina ka shiga duk tsawon nan?"

Abin da ya bayyana mini, gwargwadon yadda na fahimta, shi ne doka ta yanka wa kowace irin ƙara wa'adi. Ta rauni irin na Yaya, a nan Abuja, shekara uku ce, kuma daga ranar da abin ya faru ake lissafi, ba daga ranar da aka daina yi maka alkawari ba. Mu mun wuce da 'yan watanni.

"Amma ai muna magana da su," na ce. "Yana zuwa gidanmu. Ya je jana'izar Baba."

"Allah ya ji ƙan Baba. Amma zaman sulhu ba ya tsayar da agogon. Da ƙaramar yarinya ce, ko wadda hankalinta ya gushe, da akwai abin cewa. Zan sake dubawa, amma kada in yaudare ka. Muna shiga, abin da lauyansu zai fara ɗagawa ke nan, kuma alƙali ba zai ma kai ga jin labarin dutsen ba."

Na tambaye shi ko yana ganin da gangan suka yi. Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce ya ga inda aka yi da gangan, ya kuma ga inda sakaci ne kawai, kuma tunda ba su ɓoye mana abin da ya faru ba, da wuya bambancin ya amfane mu. Bayan mako biyu ya kira ni ya ce ya duba, bai ga ƙofa ba.

A watan ne na mayar da Yaya wurin likita, da tunanin ko za mu roƙi dangi a haɗa a yi aikin. Ya juya hannun, ya matsa yatsun, ya ce naman ya riga ya shanye, ko an yi yanzu ba ya tsammanin za ta sake riƙe almakashi. A motar dawowa, da muka fara hawan tudu, ta dubi hannun.

"Ashe shi ma hannun da nasa wa'adin," ta ce. "Ka nemo mai sayen keken, Auta. Tsatsa yake yi."

Na yi ƙoƙarin yi wa Inna bayani, ban sani ba ko na iya. Ta ce ita ba ta taɓa jin inda gaskiya take lalacewa don ta kwana ba. Na ce ba ta lalace ba, sauraronta ne ba za a yi ba. Ta dube ni kamar ni na rubuta dokar.

Bara wani direban tifa ya kawo labarin cewa matar Oga ta haihu. Inna ta kira ni ɗaki, ta miƙo mini leda: sabulu, da 'yan rigunan jariri da ta aika aka sayo a kasuwa. A da, irin waɗannan Yaya ce take ɗinka wa duk mai jegon layinmu.

"Inna, mutumin nan fa..."

"Ya zo mana a ciwo, ya zo mana a mutuwa. Ba za a ce ba mu je masa ba. Abin da ke tsakaninsa da Allah, nasa ne."

Na je. Na same shi a ƙofar gidan haya, ya rame, ya ce kamfanin ya sallame shi tun watannin baya. Ya karɓi ledar da hannu biyu, ya daɗe yana kallon rigunan. A hanya na shirya tambayar da zan yi masa, ko ya san da wa'adin nan duk lokacin da yake zama a farar kujerarmu. Ina tsaye ina neman ta inda zan fara, mutane na shiga da fita da kwanukan abinci, sai ya riga ni.

"Yaya hannun ƙanwata?"

Na ce da sauƙi.