Kwaɗo da Bushiya a Guga Ɗaya

Zamanin mulkin soja aka yi shela a kasuwar Filinge cewa an hana kama naman daji, wanda aka samu da shi sai gidan kaso. Ban taɓa farauta ba, amma tun ranar ko zomo na hango sai in sake hanya.

Wata safiya da damina na ja guga a rijiyar gidanmu, sai ga kwaɗo da bushiya a ciki, bushiyar ta jiƙe sharkaf. Da hannuna na jawo su, ke nan na kama. A lakkwal, wato makaranta, an koya mana cewa mai shayarwa jinsinsa daban, mai zuba ƙwai a ruwa daban, amma ba a gaya mana a kan wanne ake ɗaure mutum ba.

Na rufe gugan da faifai na kai biro, wato ofishin masu tsaron daji. Ma'aikacin yana shan shayi, ya leƙa.

"Malam, mi ne ne wannan?"

"Ranka shi daɗe, su sunka shigo da kansu. Wanne gwamnati ta hana?"

"Kwaɗo ba nono, ba gashi, ko wane tabki cike yake da su. Babu ruwanmu da shi. Ita ko wagga tana shayarwa, dabba ce. Maida ta daidai inda ka same ta."

"Cikin rijiya fa na same ta."

"Na ce daidai."

Na saki kwaɗo a bakin kwata. Bushiya kuwa, in na jefa ta ruwa ta mutu, na kashe. In na bar ta waje, na ƙi bin oda. Sai na sa ta a ƙwarya, na ɗaura igiya, na zura ta tana yawo a kan ruwa. Na hana kowa ɗiba, kada guga ya kifar da ita. Safe da yamma ina zura mata fara.

Matata ta yi ta jigilar ruwa daga rijiyar unguwa har wuyanta ya sage. Rannan ta dire tulu ta dube ni.

"Maigida, kai anka ba oda, ba ni ba."

Ta jawo ƙwaryar, ta juye bushiyar bayan danga, ta cika tulunta.

Ban iya cin tuwo ba. Kafin a zo a tafi da matata, gara a tafi da ni. Washegari na ƙulle tabarma da bargo na koma biro, na ce bushiya ta bar rijiya, kuma laifina ne.

Ma'aikacin ya dubi tabarmar, ya dube ni.

"Wace bushiya?"